Wankin Cikin Motar Baba

Motar Baba ba ta tashi da makulli, sai da turi. Shi ya sa kullum a kan gangaren kanal ɗin ban-ruwa na bayan gidanmu take kwana, hancinta yana kallon ƙasa. Da safe sai ya janye dutsen da ya tokare tayar, ya shiga, ya saki birki, ta gangara tana gunaguni, kafin ta kai gindin darbejiya ta yi tari ta kama. Daga nan kuma ba a kashe ta sai an dawo gida, domin in ta mutu a fili babu mai tashinta sai ƙarti. Tsohuwar akori-kura ce, ta girme ni. Ita ke kai kwandunan tumatir ɗinsa kasuwar Kadawa da rani, ita ke kwaso shinkafa da kaka, ita ke ɗaukar gawa da amarya da mai naƙuda a ƙauyenmu. Hayaƙinta kuwa, tun kafin ka ji ƙararta kake ganinsa ya taso ta saman gonakin albasa.

Baba mutum ne mai gaisuwa. Ban taɓa ganin irinsa ba, kuma ni da ban iya jira ba na sha wahalarsa tun ina ƙarama. Ba ya ɗaga hannu ya wuce. Tsayawa yake yi cak a tsakiyar hanya, ya leƙo da kai, ya tambayi gida, ya tambayi yara, ya tambayi ban-ruwa, ya ji ko tsutsa ta shiga tumatir, ya ji labarin ƙafar da ta yi ciwo bara. Duk wannan motar tana kunne, tana rawar sanyi, tana tofar da baƙin hayaƙi. Tafiyar da mai babur zai yi kafin shayi ya huce, Baba sai ya cinye hantsi a kanta.

Da can abin dariya ne kawai. Sai Inna ta kamu da fuka. Inna mahaifiyarmu ce, kuma tun da ciwon ya kama ta sai ya zama dole a riƙa kai ta asibitin Kura a kai a kai, a duba ƙirjinta a ba ta abin shaƙa. Motar da za ta kai ta ita ce dai wannan. Ƙasan motar ta ɓangaren ƙofar fasinja tsatsa ta cinye shi, an toshe da guntun buhu, kuma in an tsaya sai hayaƙin ya zagayo ta ƙarƙashi ya shigo ta nan, daidai ƙafar Inna.

Ni ina aure a birni, ban san haka ake ciki ba sai da na zo gida wani rani na bi su asibiti. Na zauna a tsakiya, Baba na hagu, Inna na jikin taga. Ba mu kai bakin titi ba Baba ya tsaya wa mutum na farko. Na ga Inna ta ja mayafinta ta rufe baki. Ya tsaya wa na biyu, na ji kafaɗarta tana girgiza a jikin tawa. Tari take yi a cikin mayafi, tana danne shi don kada ya ji. Da muka isa asibiti leɓenta ya yi duhu, numfashinta yana fito, sai da aka zaunar da ita aka sa mata abin numfashi kafin ta iya amsa gaisuwar likita.

Na ji tsoro ranar, tsoron kuma ya koma fushi. Na ja ta gefe na ce, "Inna, tun yaushe kike haka?"

Ta ce, "Ke dai ba ki da haƙuri. Ɗan tari ne."

"Ɗan tari? To me ya sa kike ɓoye masa?"

Ta dube ni ta ce, "In kuka raba shi da motar nan, me kuka bar masa? Zama a ƙofar gida yana kallon hanya?"

Ban saurare ta ba. Na kira Yaya a waya, babban wanmu, na zayyana masa komai, har da abin da ban gani ba. Yaya ba ya dogon zance. Ya ce a sayar da motar, in za a je asibiti a ɗauko hayar wata. Ni aka bari da isar da saƙon, don ni ce Baba ba ya iya yi wa faɗa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, Uwata yake ce mini.

Na same shi a bakin gona yana gyara tiyon injin ban-ruwa. Na faɗa masa a tsaye, ko zama ban yi ba. Ya daɗe yana ɗaure tiyon da roba, bai ɗago ba. Da ya yi magana, ba motar ya fara tambaya ba.

"Tari take yi a motar?"

"Tun daga gida har Kura."

Ya wanke hannunsa a ruwan kwamin shuka, ya ce, "Ban ji ba. Wallahi ban ji ba, Uwata." Sannan ya ce, "Ku bar ni in nema mata magani tukuna. In hayaƙin bai tafi ba, ku sayar."

Washegari muka tafi garejin wani makanike a Kura, ni da shi. Na bi shi ne a matsayin shaida, don na san in na bar shi shi kaɗai zai dawo ya ce ta warke sarai. Makaniken ya zagaya motar, ya tsuguna a bayanta, ya zura yatsa a bakin salansa ya fito da shi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Ya shiga shago ya fito da wata 'yar kwalba.

"Alhaji, wankin ciki za a yi mata. Datti ne ya taru tun daga kafireto har salansa. Wannan maganin yana bin fetur, ya jiƙa dattin, zafin inji ya ƙone shi ya fita ta baya."

Baba ya karɓi kwalbar ya juya ta, ya nufi bayan mota da ita.

"Ina za ka, Alhaji?"

"Ba nan ne ke ciwon ba?"

Makaniken ya yi dariya har da riƙe ciki. "Alhaji, in kana ciwon basir ta ina kake shan magani? A tanki ake zubawa."

Baba bai ji haushi ba. Ya buɗe kwalbar ya shinshina, ya tambaya murfi nawa ake sawa. Shi a saninsa duk wani magani na kwalba da murfi ake aunawa, kamar na feshin tumatir, kuma tuni ya fara lissafin ya rage wa injin ban-ruwa. Makaniken ya ce duka za a juye, a cika tanki. Ni dai ina tsaye ina canza ƙafa, rana tana dukana, na ƙagu a yi a gama.

Sai makaniken ya zo da sharaɗin da ya fi maganin ɗaci.

"Amma fa Alhaji, maganin nan ba ya aiki a sanyi. Sai ka hau babban titi ka ba ta wuta sosai, ta yi zafi. Ka je Kwanar Dangora ka dawo. Kada ka tsaya, kada ka bar ta tana kunne a tsaye. Tsaye-tsayen nan ne ma ya toshe ta."

"Ko gaisuwa?"

"Ko gaisuwa, Alhaji."

Baba ya dube ni, ni kuma na kau da kai.

Muka hau titi. Ban taɓa sanin motar nan tana da giyar ƙarshe ba sai ranar. Da Baba ya sa ta, duk jikin motar ya ɗauki kaɗawa, madubi yana rawa, kwandunan da ke baya suna tsalle. Na waiga na ga hayaƙi ya turnuƙe titi, baƙi mai kauri, har da ɓurɓushi yana tashi. Masu babur suna kaucewa suna toshe hanci. Na ji daɗi, na ce a raina, fita dai, fita duka.

Ba mu yi nisa ba aka fara. Wani mai kwandunan tumatir a bakin titi ya gane motar, ya ɗaga hannu yana murmushi, har ya fara takowa. Muka wuce shi fuu. Baba ya danna hon, ya ɗaga hannu, ya waiga, motar ta yi gefe, na ce, "Baba, titi!" Ya gyara sitiyari. Sai na ji yana magana ƙasa-ƙasa.

"Lafiya lau. Ya gida? Ya ban-ruwa? To madalla. A gaida mutan gida."

Gaisuwar yake yi, shi kaɗai, yana tambaya yana amsawa, alhali mutumin ya zama ɗigo a madubi. Haka ya yi ta yi. Wajen Kadawa kuwa, inda kowa ya san shi, abin ya zama azaba. Dillalai suna kira, masu lodi suna ɗaga hula, wata tsohuwa da ƙunshinta a ka ta miƙo hannu a rage mata hanya. Baba yana zufa, yana hon, yana cewa, "Ku yi haƙuri, ku yi haƙuri, magani ta sha." Ni kuma idona yana kan ƙafarsa. Kada dai ta ɗaga daga totur. Na kasa zama daidai, in waiga baya in duba hayaƙi, in dubi ƙafarsa, in dubi gaba ina addu'ar Allah ya sa kada mu haɗu da wani.

Muka haɗu da wanda ya fi kowa. Baba yana da aboki Bafulatani, tun suna samari, wanda ke kawo shanunsa gonarmu su ci tattakar shinkafa bayan girbi. Ga shi tsaye a bakin titi da malfarsa, ya ɗaga sanda sama, ɗaya hannun yana riƙe da wani abu a ƙunshe. Bai yi shakkar za a tsaya ba, har ya sauke sandar ya fara gyara riga.

Ƙafar Baba ta tashi daga totur. Motar ta fara sassautawa.

Na ce, "Baba." Bai kula ni ba. Na ce, "Baba, Inna."

Ya mayar da ƙafar ya taka. Muka wuce mutumin, hayaƙi ya rufe shi. Wannan karon Baba bai yi hon ba, bai yi gaisuwar ba har Kwanar Dangora. Na saci kallonsa na ga muƙamuƙinsa yana motsi. Tausayinsa ya kama ni, amma ban ce a koma ba. Da muka juyo muka iso inda ya tsaya, babu kowa.

A hanyar dawowa ne na lura hayaƙin ya yi sirara. Kafin mu shiga Kura sai na ƙura ido sosai nake ganinsa. Ƙarar injin ma ta sauya, ta daina wannan shaƙewar. Na fara murna, har na dafa hannun Baba na ce ya duba madubi. Ya duba, ya ce, "Alhamdu lillahi," ba tare da ya saki fuska ba.

A gareji makaniken ya ce a bar ta a kunne. Ya tsuguna a baya ya tara farin tsumma a bakin salansa. Da farko tsumman bai yi komai ba. Muna tsaye muna kallo, sai wani siririn hayaƙi mai shuɗi-shuɗi ya fara fitowa, yana ƙaruwa, yana bin ƙarƙashin motar. Na san warin, shi ne wanda ke cikin mayafin Inna.

Makaniken ya miƙe yana goge hannu. "Baƙin hayaƙin ya tafi, Alhaji, maganin ya yi nasa. Wannan kuma baƙin mai take ƙonawa, ringin cikin inji ne ya cinye, kuma injin nan ya wuce a buɗe shi. In tana tafiya iska za ta kwashe, ba zai dami kowa ba. A tsaye ne zai riƙa taruwa."

Na ce, "To ai Baba rabin tuƙinsa a tsaye yake yi." Na faɗa da zafi, don raina ya ɓaci. Duk wannan gudun, duk mutanen da aka wuce, ga mu inda muka fara. Tun a garejin na kira Yaya na ce a nemi mai saye.

Baba bai yi musu ba. Ya ce abu ɗaya yake roƙo, a bar shi ya kai Inna asibiti zuwan da ke tafe, daga nan a yi yadda aka ga dama.

Kwanakin da suka biyo baya motar tana kan gangare, Baba yana yawo a ƙasa. Duk wanda ya tuna ya wuce a titi sai da ya nemo shi ya ba shi haƙuri, har tsohuwar mai ƙunshi sai da ya yi cigiyar ƙauyensu. Ni kuma na kasa zama na kasa tafiya. In shiga ɗakin Inna in saurari numfashinta, in fito in leƙa motar, in ɗauki waya in ajiye. Mijina yana tambayar yaushe zan dawo, ina cewa gobe.

Daga rugar abokinsa Baba ya dawo da ƙunshin nan da muka gani. Man shanu ne da zuma a 'yar kwalba. Mutumin ya ji labarin ƙirjin Inna ne, ya fito titi yana jiran motar don ya ba da a kai mata. Baba ya ajiye a gabanta, ya ce, "Ya ce in gaya miki, da ya ga gudun da nake yi ya ɗauka ko Kaɗo ya sato motar ne." Inna ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Baba ya tsaya yana kallonta har tarin ya lafa, wannan karon ya ji da kunnensa.

Ranar asibiti muka shiga kamar wancan karon, ni a tsakiya, Inna a jikin taga. Abin shaƙarta yana hannuna, na damƙe shi. Motar ta gangara ta kama. Muna hawa kan kwalbati sai ga wasu mutum uku sun fito daga gonar albasa da fartanya, babban cikinsu ya ɗaga hannu. Na ji Baba ya taka birki. Na buɗe baki zan yi magana, sai ya miƙa hannu ya murɗa makulli ya kashe motar.

Shiru ya sauka. Tun da nake ban taɓa zama a motar nan a hanya na ji ƙarar ruwan kanal ba sai ranar. Baba ya leƙa ya yi gaisuwarsa cikakkiya, gida da yara da ban-ruwa da farashin taki, babu abin da ya rage. Inna ma ta sauke mayafi ta sa baki. Da aka gama sai ya ce, "To, bayin Allah, ku zo ku tura Innarku, asibiti za ta."

Suka ajiye fartanya suka tura, suna dariya. Ta kama. Gaba kaɗan aka sake tsayawa, aka sake kashewa, aka sake turawa. Ni ina ta cika ina batsewa, ina duba rana, ina cewa za mu tarar layi ya yi tsawo. Inna ta ce, "Ke, wai ina kike sauri? Ni ce marar lafiyar." Sai a lokacin na lura abin shaƙar yana hannuna har yanzu, ba ta nema ba. Mun isa Kura a makare ƙwarai, amma da ƙafarta ta shiga wurin likita, tana ba ni labarin wata maƙwabciya.

Na kira Yaya na ce a dakata da maganar sayarwa. Ya ce ni na kawo zancen, ni kuma na janye, ba ya son wasa. Na ce na ji.

Mutanen hanya kuwa suka koyi darasi. Samari suka koma gaida Baba daga nesa, suna ɗaga hannu suna ƙara sauri. Dattawa, da ba za su iya fasa gaisuwa ba kuma ba za su iya turi ba, suka gano dabara: sai su jira shi a kan tudun gada ko saman kanal, inda in an gama motar za ta gangara ta tashi da kanta. Har abokin nasa Bafulatani ya sauya wurin tsayuwa. Makaniken ya liƙe ramin ƙasan da guntun ƙarfe, Baba kuma lokaci-lokaci yakan sayi 'yar kwalbar ya juye a tanki, amma gudun Kwanar Dangora bai ƙara yi ba. Ya ce sau ɗaya ya isa mutum ya ga abokinsa ya wuce.

Inna ta yi shekaru bayan haka. Da damina ta rasu, a ɗakinta, muna kusa da ita.

Bara da rani na je gida, Baba ya ce in raka shi Bunkure ranar kasuwa. Ya janye dutse, muka gangara, ta yi tari ta kama. A wani fili shimfiɗaɗɗe, babu tudu babu gangare, wani tsoho a kan keke ya ɗaga hannu. Baba ya tsaya ya kashe mota. Na duba gaba na duba baya, babu wani mai ƙarfi ko ɗaya, sai gonakin shinkafa da rana. Halina ya motsa.

"Haba Baba, me ya sa ka kashe? Wa zai tura mana a nan? Ai yanzu ba..."

Ban ƙarasa ba. Ya dubi wajen taga, ya ce, "Ta wannan gefen hayaƙin yake shigowa, Uwata."

Na bi idonsa. Sai na ga ashe tun daga gida a tsakiya na zauna, na matse kusa da giya, na bar wurin taga babu kowa. Na jira suka gama gaisuwarsu, har labarin ƙafar da ta yi ciwo bara. Sannan na fita ta ƙofar Inna, na ɗaure mayafina a ƙugu, na zagaya baya na kama turi.